A-kori-kurar Kaka Ta Sake Tafasa

"Lafiya lau, sai dai ganin ka da ya ɓata min safiya," in ji bakaniken, bai ko fito daga ƙarƙashin motar da yake gyara ba.

Tun daga kwana ya ji ƙarar a-kori-kurar kakansa, ya kuma san abin da ya kawo ta. Da ita tsohon yake yi wa 'yan kasuwa dakon buhuna tun kafin a haifi jikan, yanzu kuwa ta ɗauki zafi ta ƙi saki. An canja mata lagireto, an canja famfon ruwa, an sa sabon fambel, ga ta kuma a bakin gareji tana huci.

"Fito, Baƙin Mai, ka ga aikinka. A kan gada ta tafasa, har wata mata ta tambaye ni ko shayi nake sayarwa."

"Da ka sayar, Tsoho. Ya fi maka dakon nan riba."

"Kai dai faɗi gaskiya, a wajen mai facin keke ka koyi aiki."

"Ko wa ya koya min, bai koya min ta da matacce ba. Motar nan sa'arka ce, tare kuka yi haƙora, tare kuka zubar."

"Haƙorana na nan. Miƙo kunnenka in gwada."

Tsohon ya zauna a kan wata taya, ya cire hula ya share gumi, sannan ya rage murya. "Ubanka da baffanninka sun ce in ta sake tsayawa a hanya za su karɓe makulli su sayar da ita. In zauna a gida in yi me? Gadin kaji?"

Bakaniken ya san in aka raba tsohon da sitiyari an gama da shi. Ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya cika ruwa.

"Tayar da ita."

Tana tashi ruwan ya fara kumfa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ga man ya yi fari kamar an zuba madara.

"Gaskit ɗin kan inji ya ƙone, iskar inji ce ke shiga ruwa. Duk abin da na canja a banza. Wannan kuwa sai motar da aka daɗe ana tuƙawa allurar agogon zafi na kan ja. Ban ce in ta hau ka tsaya ba?"

"Ba ta taɓa hawa ba."

"Tsoho, ka ji tsoron Allah."

"Ni dai ban taɓa ganin ta hau ba."

Bakaniken ya leƙa gaban mota. Daidai kan agogon zafi an manna wani tsohon hoto da salatif, ya rufe allurar ruf. Wani jariri ne mai ƙaton kai, yawu na zuba a ƙirjinsa.

"Wane ne wannan mai kai kamar tulu?"

"Kai ne, ranar da ka fara zama. Allurar ce ke ta da min hankali, na ce gara in riƙa kallon abin da ya fi ta muni, ko na saba."

"Shi ne ka bar ni ina ta kwance mota!"

"Wa ya rufe allura? Kai. Wa ya ƙona gaskit? Kai. Tun kana jariri kake lalata min mota, yanzu ka girma ka buɗe shago."

Bakaniken ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa. Ya ɓamɓare hoton a hankali don kada ya yage, ya maƙala shi a saman madubi.

"Na yarda, laifina ne. Bar ta nan in buɗe kan inji. In Baba ya tambaya, ka ce ni na riƙe ta."

"To da me zan koma gida, da ƙafa?"

"Hau babur in kai ka. Amma ka riƙe ni da kyau, kada iska ta kwashe ka."

Tsohon ya mayar da hularsa, ya tattare riga. "Na riƙe ka kana tsala min fitsari a cinya ban yar da kai ba, yau ne zan kasa?"