Rasuwar Kilim ɗin Motar Luƙman, da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, Luƙman Is'haƙa, direban motar haya a tashar Dogon Dutsi, yana sanar da 'yan uwa da fasinjoji rasuwar na'urar sanyin motarsa, wadda kowa ya sani da Kilim. Ta cika ranar Talata da tsakar rana a kan hanyar Gesheme, a tsakiyar bazara, lokacin da aka fi bukatarta.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. In an taɓa maɓallinta sai ta ce "ƙyas", sannan "fuuu", shi ke nan ta kama aiki. Ba ta taɓa bambanta na gaba da na baya ba. Saboda ita ma'aikata ke barin motoci uku a layi su jira ta Luƙman. Saboda ita Hajiya Sahura mai atamfa ta riƙe kujerar gaba kamar gadonta. Shi Luƙman da ya bar lekol, makarantar boko, ba takardar kirki, ita ce difilom ɗinsa.

Ciwon nata ƙarami ne. Sanyi ya ragu, alamar gaz na sulalewa ta wata 'yar kafa. Luƙman ya yi niyyar kai ta Dosso, inda ake shafa ruwan sabulu a bututu a ga inda kumfa ke tashi, a toshe, a zuƙe iskar ciki, a sa mai, sannan a auna gaz da agogo. Sai Auwal mai gyaran firigo, wato firiji, ya ji labari. Auwal abokinsa ne, benci ɗaya suka zauna a kwaleji. Ya rantse cewa abin kunya ne motar ɗan uwansa ta je Dosso yana raye, wai mota ai firigo ce mai taya.

Bai nemi kafar ba. Bai zuƙe iska ba, bai sa mai ba. Ya ce agogonsa na awo yana wurin aro. Ya jona tulun gaz ɗin firigo, ya kara bayan hannunsa a bakin iska, yana ɗurawa yana hira da mai shayi, har bututu ya yi raɓa. Ya buga bonet, ya ce ta warke.

Washegari, an wuce gonakin gero kaɗan, marigayiya ta ce "kirrr". Ta ce "gau". Ba ta ƙara cewa komai ba. Kwamfaresa, zuciyar marigayiya, ya ƙame, warin ƙuna ya cika mota.

Ta rasu ta bar gilasai uku na fasinja waɗanda tun zuwan motar daga Kwatano ba su taɓa sauka ba, don tana raye ba wanda ya tambaye su. Ta bar fanka mai hura wuta. Ta bar Hajiya Sahura, wadda ta fita tana fifita da mayafi, ta kira Luƙman mai gasa bayin Allah, ta ƙarasa Gesheme a amalanke, yanzu kuma motar wani direba, Kamal, take shiga. Ta bar Luƙman a ƙarshen layi, yaran tasha na tambayarsa ko burodin ya nuna.

Da aka kai wa Auwal labari, ko kansa bai ɗaga daga firigon da yake kwancewa ba. Cewa ya yi kwananta ne ya ƙare.

Luƙman ya ji. Ya adana maganar.

Ba za a yi zaman makoki ba, ba sadakar uku, Malam Abdussalamu ya ce bidi'a ce. Jana'iza dai za a yi, ga tsarinta.

Ranar Asabar ake ɗaurin auren Auwal da Fadila a Dogon Kiriya. Tun da damina Luƙman ya yi alkawarin shi zai kai ango, kuma shi ba ya saɓa alkawari. Za a tashi daga ƙofar shagon Auwal da zarar rana ta take tsaka. Ango zai zauna a baya cikin babbar rigarsa ta shadda mai sitaci, da hula, da turare. Za a naɗe kwamfaresa a farin ƙyalle a ɗora masa a cinya, tunda a hannunsa ta cika. Za a yi tafiyar a hankali, yadda ake rakiyar gawa, ba tsayawa shan ruwa. Gilashin direba ne kaɗai ke sauka, shi ma iya fuskar direba.

Ana roƙon abokan ango su biyo a babur, kada su shiga abin da ba su ci ba. In ango ya nemi iska a hanya, za a isar masa da ta'aziyyarsa kamar yadda ya aiko ta: kwananta ne ya ƙare.