Malamin Zuciya a Kan Jakin Albasa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Laraba ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. A shekarun farko da aka yanke mana jihar Kebbi ne, ina ƙaramin malamin asibiti a Aliero, garin albasa. Aka ɗora mini koya wa tsofaffi masu ciwon zuciya yadda za su kula da kansu a gida, su rage gishiri, su sha magani a kan lokaci, su riƙa motsa jiki.

Ni kuwa ina ji da kaina, kallon hadarin kaji nake yi musu. Ga tumbi na fara ajiyewa (balangu ne, ba arziki ba), ko masallaci sai a babur.

A ranar, wata babbar jami'a, Hajiya, ta zo daga Birnin Kebbi duba ajin. Na ƙwallafa rai idan na burge ta za ta mayar da ni hedikwata, in huta da warin albasa. Sai na ce yau tattaki za mu yi, in nuna musu yadda ake yi.

Baba Sanda, wani tsohon manomi, ya ce, "Mallam, tahiya kuma? Mu da munka taho da ƙahwa tun daga ƙauyen Kashin Zama?"

Na daka masa tsawa a gaban baƙuwa. "Baba, waccan wahala ce. Wannan motsa jiki ne na ilimi."

Muka kama hanyar fadama da rana tsaka, ni a gaba cikin farar riga da takalmi sau-ciki, ina ɗaga ƙafa kamar soja. Tsofaffin suna biye a hankali suna hirarsu. Ba mu yi wani nisa ba numfashina ya fara sarƙewa, amma girman kai ya hana ni tsayawa. Na ga gari yana juyawa, daga nan ban san inda kaina yake ba.

Na farfaɗo a ƙasa, ɗaya daga cikin tsofaffin yana yi mini fifita da malfa, Baba Sanda kuma ya kama wuyan hannuna yana jin bugun jini, daidai yadda na koya masa. Ya dubi Hajiya ya girgiza kai.

"Hajiya, bugun ga bai yi ba. A hwaɗa ma yaron ga shi rage gishiri."

Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A kan jakin wani mai albasa aka mayar da ni, tsakanin buhuna, masu ciwon zuciya suna rakiya a ƙafa suna ce mini sannu.

Maganar hedikwata a nan ta mutu, na ƙara shekaru a Aliero. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: kafin ka koya wa mutum tafiya, ka tambaye shi da me ya zo.