Inda 'Yan Gari Suke Ci

Wani ne a unguwarmu a Napoli ta ƙasar Italiya, can cikin lungunan tsohon gari. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba ɓarawo ba ne, sai dai duk aikin da aka ba shi, kwana goma ya yi yawa. Ya yi aiki a jirgin fito, aka kore shi. Ya yi a gidan burodi, aka kore shi, wai burodin ramewa yake yi a hanya kafin ya isa kanti. Har gadin maƙabarta ya yi, can ma bai cika sati biyu ba, kuma har yau ba a san wanda ya kai ƙararsa ba.

Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne ci. Matarsa Fortuna kuwa Allah ya ba ta hannun girki, in ta ɗora miyar tumatir tun safe, duk layin sai ya rasa sukuni. Da ta gaji da halinsa, sai ta je ta roƙi gwaggonta, Gwaggo Nunzia, mai wani ɗan masaukin baƙi na ɗaki shida, ta ɗauke shi aiki. Ranar da zai fara, Fortuna ta ja shi har gaban murhu.

"Ka ga tukunyar nan? Dube ta da kyau. Ranar da Gwaggo ta kore ka, ko murfinta ba za ka ƙara gani a ɗage ba."

Ya san matarsa ba ta magana biyu. Ya fita jiki a sanyaye.

Aikin ba wuya. Ya ɗauki jakar baƙo, in kuma baƙo ya tambayi inda ake cin abinci, ya nuna masa, tunda ya tsinto ɗan gurgun Turanci a jirgin fito. Gwaggo Nunzia har takarda ta ba shi mai sunayen gidajen abinci biyar. Ya karanta, ya ja tsaki, ya naɗe ta ya tokare ƙafar teburi da ita.

A rana ta biyu sai ga wani tsohon Bajamushe, Ottmar, da matarsa Hilde, zuwansu na farko ke nan. Suka ce su fa ba sa son wuraren da ake tara baƙi ana ba su taliya mai sanyi. Inda 'yan gari suke ci suke so, inda shi kansa yake ci in yana son ya ci mai daɗi.

Maganar ta taɓa masa zuciya ƙwarai, don ba a taɓa neman shawararsa a kan abin da ya sani ba. Ya ce su biyo shi.

To, kun san mu. Gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta kwana uku, maƙwabta ne suke kawo abinci. Kuma ba macen da za ta yarda a ce tukunyar wance ta fi tata a gaban jama'a, don haka girkin da mace ba ta yi wa mijinta ba a shekara talatin, ranar take yin sa. Gogan naku ya gano wannan tun yana saurayi. Sai ya kai baƙin nan gaban bangon da ake liƙa takardun sanarwar rasuwa, ya goya hannu a baya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko lauya ne, ya ce a'a, maƙwabta ba sa ƙaunarsa, romo tsululu za a kai. Na biyu gwauro ne, ba shi da kowa. Na uku mai sayar da kifi, shekara tamanin da takwas, 'ya'ya tara duk mata, kowacce da surukarta a layin. Ya ɗora yatsa a kai, ya haɗiyi yawu, ya kwafe musu adireshin.

Sannan ya ba su doka. Su sa baƙaƙen kaya. Kada su yi dariya. Ya koya musu magana biyu da harshen gari, tunda Turancinsa bai kai na dogon bayani ba. In sun isa ƙofa, su kama hannun wanda suka tarar su ce, "Sannunku da haƙuri." In kwano ya ƙare, su girgiza kai su ce, "Kai, mutumin kirki ne." Hilde ta rubuta a ɗan littafinta: ta farko neman teburi, ta biyu neman ƙari.

Sai bayan la'asar suka dawo, suna tafiya da ƙyar. Ottmar ya rungume shi. Ya ce shi dai ya zaga duniya, bai taɓa ganin gidan abinci irin wannan ba. Ba allo a ƙofa, ba takardar zaɓen abinci, kana zama kwanoni suke zuwa. Sau shida ya faɗi maganar neman ƙari, sau shida aka ƙara masa, har mai girkin ta fashe da kuka ta sumbaci goshinsa. Abu ɗaya ne kawai bai gamshe shi ba. Mai gidan malalaci ne. Rana tsaka, gida cike da masu ci, shi yana kwance a ɗakin ciki da sabuwar kwat har da takalmi, sun je sun gaishe shi ko tankawa bai yi ba.

Gogan ya gyaɗa kai. "Haka yake. Kwanan nan ba shi da yawan magana."

Kafin wata ya ƙare labari ya bazu. Baƙo ya gaya wa baƙo, ɗakuna shida suka cika, har ana jira. Kullum da safe gogan naku yana gaban bango da fensir a kunne. Yana da wayon tura su unguwannin nesa, don haka Gwaggo Nunzia ba ta san komai ba. Mamakinta ɗaya, me ya sa duk baƙin da take samu bana baƙaƙen kaya suke so, ga zafi.

Masu makokin ma ba su ƙi ba. Ana rasuwar mai gyaran famfo wanda ko tashar jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba, sai ga dogayen Turawan arewa su huɗu suna girgiza kai suna cewa mutumin kirki ne. Sai ka ji ana raɗa, ashe marigayi babban mutum ne a ƙasar waje, ɓoyewa ya yi. Wata mata har tare gogan ta yi a kasuwa, ta ce mijinta jikin ya ƙi daɗi, in ta Allah ta kasance a ajiye mata Turawa shida, dogaye, don a na mijin ƙanwarta huɗu suka zo.

Ana cikin haka sai zafi ya lafa, iska ta yi daɗi, mutuwa ta yi yaji. Kwana tara ba a liƙa sabuwar takarda ko ɗaya ba. Tsofaffin da aka fid da rai da su suka fito shan hantsi, suna ɗaga masa hannu. Shi kuwa sai ramewa yake yi.

A rana ta goma wata mata ta sauka a masaukin, Madam Astrid daga Norway, wadda take rubuta littafin da ke gaya wa sababbin baƙi inda za su ci abinci a kowane birni. Ta ce ta ji labarin wani wuri da ba shi da allo, don shi ta zo. Gwaggo Nunzia ta ja gogan bayan ƙofa.

"Gobe da rana ka kai ta wannan wurin naka da ake ta zuzutawa. In ta dawo ba ta ji daɗi ba, ka ajiye mini makullina a kan teburi."

Ya ce, "Gwaggo, wurin fa ba kullum yake buɗewa ba."

Ta ce to ya je ya buɗe shi.

Ya zaga bangon unguwa bakwai, duk tsofaffin takardu, an riga an wanke tukwane. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna da Baba Aniello, tsohon mai gyaran takalmi a layinmu, shekara casa'in da huɗu, shekara uku yana kwance. Sau uku fadan cocinmu yana zuwa yi masa addu'ar ƙarshe, sau uku Baba yana tashi zaune ya tambayi ko wa ya ci ƙwallo. Likita ya hana shi komai sai romo ba gishiri, 'yarsa Imma kuwa ta riƙe dokar nan gam. Gogan ya shiga ya zauna bakin gado, ya tambayi jiki. Baba ya ce da sauƙi, yau ma har ya fi jiya.

"Ka tabbata, Baba? Kada ka yi saurin cewa haka. Sake ji dai da kyau."

Da tsintsiya Imma ta rako shi har titi.

Washegari da safe ya sake bi ta ƙofar gidan, ba don komai ba sai don ƙafa ta saba. Sai ya ga tagogi a rufe, ga fada yana fitowa, ga muryar Imma daga ciki tana kuka tana cewa ya tafi ya bar ta, shekara da shekaru suna tare. Wallahi sai da ya yi hawaye, rabi na tausayi rabi na murna. Bai tsaya tambaya ba. Ya bi layi gida-gida yana sanarwa, kafin ƙarfe goma kowane murhu ya kama.

Ashe muzurun Imma ne ya mutu. Fada kuwa kofi ya biyo sha, kamar yadda ya saba. Baba Aniello yana ɗakin ciki yana sharar barcinsa, shi ya sa aka rufe tagogi.

Da rana ta take, mata suka fara shigowa da tukwane, kowacce cikin baƙi, suna rungumar Imma. Ita kuwa daɗi ya kama ta, ba ta taɓa zaton unguwa tana ƙaunar muzurunta haka ba. Ta share hawaye, ta shiga ba su labarin marigayi. Ta ce ɓarawon kifi ne na gaske, amma ba ta taɓa iya dukansa ba. Ta ce ko shekaranjiya sai da ya haye rufin gidan maƙwabta yana bin wata 'yar fara, da ƙyar ta sauko da shi. Matan suka dubi juna. Wata tsohuwa ta ce oh, ashe kwanciyar nan duk ta ƙarya ce.

Gogan ya iso da Madam Astrid cikin baƙar riga. Ta kama hannun Imma ta ce sannunku da haƙuri, aka ba ta kujerar tsakiya. Taliya da miyar da ta yi awa shida a wuta, dunƙulen nama, soyayyen gauta da cuku, kifi iri uku. Tana ci tana rubutu, santi ya kwashe ta, tana ta surutu da harshensu ba mai ji.

Ƙanshin nan ne ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya tashi Baba Aniello. Mutumin da ya shekara uku bai taka ƙasa ba, sai ga shi a bakin ƙofa cikin farar rigar barci, yana shinshina iska. Mata suka watse. Wata ta shige ƙarƙashin teburi, wata ta faɗa kan wata, wata tana gudu ba ta saki ludayinta ba. Madam Astrid kaɗai ta yi murna, don ta ji labarin masu gidajen nan ba sa fitowa gaishe da kowa. Ta miƙe ta kama hannunsa ta ce masa sannunku da haƙuri, ta miƙa masa kwanonta da ya ƙare, ta girgiza kai ta ce kai, mutumin kirki ne.

Daidai nan Gwaggo Nunzia ta shigo da tata tukunyar. Ta dubi baƙuwarta cikin baƙi, ta dubi mamacin a tsaye, ta dubi mijin 'yar ɗan'uwanta yana ƙoƙarin ɓuya bayan labule. Nan take ta gane inda baƙinta suke ci wata guda cur.

Aka kaure da hayaniya. Imma tana cewa muzuru, mata suna cewa wane muzuru, kowa yana nuna gogan da yatsa. Baba Aniello dai tambaya ɗaya ya yi, wai duk wannan na mutuwarsa ne? Aka ce masa e. Ya ja kujera ya zauna, ya jawo tukunyar naman gabansa. Imma ta ce likita fa, ya ce likita ba ya duba gawa.

Gwaggo Nunzia ta miƙa wa gogan tafin hannu. Ya ciro makulli, ba abin da yake gani a ransa sai murfin tukunyar Fortuna. Sai Madam Astrid ta taɓa kafaɗarsa, ta yi masa magana. Ya saurara, ya juyo da murya kamar ta mai zazzaɓi.

"Gwaggo, ta ce a shafin farko za ta sa wurin nan, tare da sunan masaukinki. Abu ɗaya ya rage. Wai waɗanne ranaku ake buɗewa?"

Hannun Gwaggo ya tsaya a sama, bai karɓi makullin ba, bai kuma koma ba. Madam Astrid tana riƙe da alƙalami tana jira. Baba Aniello ya suɗe kwanonsa da gutsuren burodi, ya lashe yatsa, ya ɗago kai.

"Gaya mata Talata da Alhamis nake mutuwa. Juma'a kam ina raye, ranar coci ya hana a dafa nama."