Goyon Bayan Sitiyarin Jam'iyya

In za a lissafa manyan da ke juya ƙasar nan, zalunci ne a fara da wani ba Sitiyarin Jam'iyya ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, da ya ga jama'a suna ta jan ƙafa. Ma'anar a fili take: duk inda ya karkata, can jam'iyya za ta nufa, da tayoyinta da fasinjojinta.

Mutum ne mai tarihi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ya riƙe muƙamin mataimakin sakataren jam'iyya na mazaɓa, riƙon ƙwarya, har tsawon wata uku, lokacin da mai kujerar ya karye a ƙafa. Mai kujerar ya warke ya karɓi abinsa. Sitiyari ne bai warke ba har yau.

Mahassada suna cewa sana'arsa bayar da hayar kujerun roba da rumfunan taro ce. Wannan ƙarya ce. Matarsa ke wannan aikin. Ita ke buɗe shago, ita ke faɗa da 'yan dako, ita ta san kujerar da ta tsage da wadda aka sace. Shi aikinsa yana can ƙuryar shagon, bayan tulin kujeru, inda ya kafa tebur da kujera mai juyawa da wayoyi uku. Ɗaya ce ke aiki. Sauran biyun na kwarjini ne. A saman tebur akwai allo da aka rubuta Ofishin Tuntuɓa na Ƙasa, kuma a can yake zama tun safe yana jiran ƙasa ta zo ta tuntuɓe shi.

Ya sha faɗa cewa yana da daliget arba'in, wakilan da ke zaɓen ɗan takara, a aljihu. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Amma ai aljihu ba wurin leƙe ba ne.

Da aka kaɗa gangar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, mutum uku suka fito: Farfesa, da Tsohon Minista, da wani attajiri da ake kira Mai Jirage. Sitiyari ya sa aka share ofis, aka sayo sabon labule, ya zauna jiran su zo neman albarka. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Ya bayyana wa mai askin da ke maƙwabtaka da shagon cewa tsoron juna ne ya hana su zuwa, kowa ba ya so a ga motarsa a ƙofar.

"Zan sauƙaƙa musu," in ji shi. "Zan yi magana."

Ya kira taron manema labarai. An jera kujeru ɗari biyu, da yake kujerun na gida ne. Manema labarai kuwa suka yi cikar kwari a jikin mutum ɗaya, wato surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mai karanta labarai a wata ƙaramar tashar rediyo, wanda ba shi da hanyar cewa a'a. Mai aski ya zauna a sahun gaba, 'yan dako biyu suka zauna a na baya saboda inuwa.

Sitiyari ya gyara murya, ya dubi kujerun nan har ƙarshensu.

"Ya ku al'ummar ƙasa! Bayan doguwar tuntuɓa da masu ruwa da tsaki, ni da dubban magoya bayana mun yanke shawarar mara wa Farfesa baya. An gama zaɓe. Sauran su je su huta. Musamman wancan Tsohon Ministan, ɓarawo mai fararen kaya! Ma'aikatar ruwa aka ba shi, ya bar ta ko hannu ba a iya wankewa a cikinta. Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki da minti biyu! Wallahi da in zaɓe shi, gara in zaɓi akuya. Akuya ko ba komai in ta ƙoshi tana kwanciya!"

Mai aski ya yi tafi. Suruki ya kashe na'urar ɗaukar murya, ya matso a ladabce.

"Baba, da an cire wajen akuyar nan."

"Ka sa shi duka. Ina so ya ji. Ina so ya kasa cin abinci."

An sa jawabin kuwa, ranar Talata da azahar, tsakanin sanarwar ɓatan wata jaka da tallar maganin basir. Sitiyari ya saurara da rediyo biyu a lokaci guda. Daga ranar ya fara tafiya a tsakiyar titi.

Kwana tara bayan haka, yana kan kujerar mai aski, an kwashe rabin kansa, rediyo ta sanar cewa Farfesa ya janye daga takara, ya kuma umarci mutanensa su bi Tsohon Minista. Injin aski ya tsaya. Mai aski ya dubi Sitiyari ta madubi.

"Ni na ba shi shawara," in ji Sitiyari. "Dabara ce. Ba kowa zai gane ba. Ƙarasa mini kaina."

Dabarar ta yi zurfin da shi kansa mai ita sai da ya kwana biyu yana gudawa. A rana ta uku ya fito da sabon haske. Ashe tun asali zuciyarsa tana wajen Mai Jirage, Farfesa hanya ce kawai. Ya tattara dubban magoya bayansa, suka shiga tasi ɗaya, har da sauran wuri a gaba. Suka nufi ofishin kamfen ɗin Mai Jirage domin sauya sheƙa a hukumance.

Ɗan takarar ba ya nan. Daraktan kamfen ba ya nan. Wata mata mai kula da rabon huluna ce ta karɓe su a baranda, tana cin gyaɗa. Wannan bai rage wa jawabin komai ba.

"Ki shaida wa mai girma ɗan takara cewa yau taswirar siyasar ƙasar nan ta canza. Na kawo masa tsarina gaba ɗaya, daga sama har ƙasa. Ya kwantar da hankalinsa. Abin da ya rage masa kawai ya fara ɗinka kayan rantsuwa."

Matar ta ce to, ta ba su hula huɗu, ta ce su sa hannu. A bakin ƙofa akwai hoton Mai Jirage na kwali, tsayin mutum, yana murmushi da hannu a miƙe. Sitiyari ya kama hannun kwalin, mai aski ya ɗauke su hoto. Kafin magariba hoton ya hau bangon Ofishin Tuntuɓa, an rubuta a ƙasansa: Ganawar Sirri.

Ranar babban taron fidda gwani ta zo. Saboda wani kuskure da har yau ba a gano mai shi ba, ba a aiko wa Sitiyari katin shiga ba. Ya ce dama manya ba sa shiga, daga waje ake juya irin wannan taro. Ya zauna a gefen titi ƙarƙashin rumfa, da hular Mai Jirage a ka, da rediyo a kunne, yana gyaɗa kai kamar mai karɓar rahoto. Da la'asar, ana dab da fara jefa ƙuri'a, Mai Jirage ya hau mumbari ya ce saboda haɗin kan jam'iyya ya janye wa babban yayansa, Tsohon Minista. Filin ya ɗauki sowa. Sitiyari ya zare hular a hankali, ya zauna a kanta.

Tsohon Minista ya lashe zaɓe ba tare da ya yi gumi ba.

A nan ne girman Sitiyari ya zame masa bala'i. Ƙaramin mutum in ya zagi babba, yana iya sa ran an manta. Shi kuwa ya san nauyin bakinsa. Ya tabbata tun ranar Talatar nan Minista bai yi barcin kirki ba, kuma yanzu da ya samu tikiti, aikinsa na farko shi ne ramuwa. Duk baƙar motar da ta rage gudu a ƙofar shago, sai Sitiyari ya nutse bayan kujeru. Da mai karanta mitar wuta ya zo da takarda a hannu, ta taga Sitiyari ya fita. Daga ƙarshe ya yi hijira zuwa gidan yayarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin ajiya, tsakanin tsohon keken ɗinki da buhunan gawayi. Ya aika wa mai aski saƙo cewa ya tafi tuntuɓa a ƙasar waje.

A kwana na biyar matarsa ta same shi a can. Ba ta zauna ba.

"Baban yara, wasan nan ya isa. Rabin hayar da muke samu daga tarukan jam'iyya take zuwa. Shugaban mazaɓa ya ce ba zai ƙara ɗaukar kujera ko ɗaya a wurinmu ba sai ya tabbatar ba ka cikin baƙin littafi. Yara uku ke makaranta. Ka tashi ka je ka ba mutumin nan haƙuri."

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na san kuɗin makaranta. Tashi. Gawayi duk ya ɓata maka riga."

Suruki ne ya yi ta bin abokan aikinsa har ya samo masa shiga ranar da ɗan takara ke karɓar masu taya murna. Falo ne makeke, sanyi kamar cikin firji, cike da mutanen da jiya-jiya suke rantsuwa da Farfesa ko Mai Jirage, yau kowa na ba da labarin yadda ya yi mafarkin nasarar Minista tun bara. Sitiyari ya yi awa uku a layi. Da aka zo kansa, gwiwoyinsa suka yanke shawara ba tare da tuntuɓarsa ba. Ya zube a kan kafet.

"Ranka ya daɗe, ga ni na kawo kaina. Na san ka san ni. Na san abin da na faɗa a rediyo ya sosa maka rai, ya girgiza iyalinka. Sharrin shaiɗan ne da zugar maƙiya. Ka yafe mini, ka dubi 'ya'yana."

Minista ya dube shi da fuskar gajiyayyen mutum mai son a gama. Ya karkata wajen sakatarensa, sakatare ya girgiza kai. Suruki ya yi sauri ya raɗa cewa dattijon mai hayar kujeru ne, ɗan jam'iyya na tun fil azal.

"Allah sarki," in ji Minista. "Tashi, baba, tashi. Ba komai. Ni ban ma ji ba. Sakatare, rubuta sunansa, a ba shi aikin kujerun babban gangaminmu."

Sakatare ya rubuta. Suruki ya sauke ajiyar zuciya, ya kama hannun Sitiyari zai ja shi waje. Shago ya tsira, makarantar yara ta tsira, har da ƙarin da ba a roƙa ba. Taku goma ne tsakaninsu da ƙofa.

Sitiyari bai motsa ba.

"Ranka ya daɗe, ba ka ji ba?"

"Ban ji ba, baba. Ka je abinka."

"Ranar Talata fa. Da azahar. Duk ƙasar nan ta ɗauka."

"Baba, mu tafi," in ji suruki.

Sitiyari ya fizge hannunsa. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. An taɓa zaginsa a duniya, an taɓa korarsa daga taro, amma ba a taɓa yi masa cin mutunci irin wannan ba.

"A'a, ranka ya daɗe, a dai bincika. Ba zai yiwu a ce ba ka ji ba, sai dai in mutanenka sun ɓoye maka. Ni ne fa na ce kai ɓarawo ne mai fararen kaya! Ni na ce ka bar ma'aikatar ruwa ko hannu ba a iya wankewa! Maganar tumbi, cewa yana riga ka shiga ɗaki da minti biyu, ai tawa ce! Har na ce gara akuya da kai. Akuya, ranka ya daɗe! Ka tambayi wannan, shi ya saka jawabin a rediyo!"

Wani a bayan falon ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Minista ya sunkuya ya dubi cikinsa, ya ɗago. Sakatare ya cire murfin biro, ya ja layi ɗaya mai kauri a kan sunan da bai gama bushewa ba, sannan ya tambayi suruki sunan tasharsu.

Ƙarti biyu suka ɗauki Sitiyarin Jam'iyya ta hammata. Ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba sai a bakin titi, takalmi ɗaya ya rage a falo.

Matarsa tana ƙofar shago tana goge kujeru lokacin da tasi ta sauke shi. Ta dubi ƙafar da ba takalmi, ta dubi surukin da ya ƙi haɗa ido da ita.

"Yaya aka yi? Ya haƙura?"

Sitiyari ya wuce ta da ɗingishi, ya ratsa tulin kujeru, ya zauna a kujerarsa mai juyawa. Ya jera wayoyinsa uku a gabansa. Fuskarsa cike da natsuwar mutumin da ya sauke babban nauyi.

"Ya ji," in ji shi. "Wannan karon da kunnensa ya ji."