Yadda Za Ka Gangaro da Surukinka Daga Kan Dutse a Keke

Idan kana da budurwa, budurwar tana da uba, kai kuma kana da keken hawan dutse da bakin da ya fi ƙafafunka gudu, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta faɗi dangin yarinyar za su san ko kai wane ne. Ban ce za su ji daɗin abin da suka sani ba. Kuma matakan ba daga kaina na ƙago su ba. Fergus Dunleavy, mai gyaran famfo a Launceston, ya gwada su kaf a yini ɗaya a duwatsunmu na arewa maso gabashin Tasmaniya, kuma duk sun yi aiki.

Mataki na 1: Haɗa mutanen da bai kamata su hau dutse ɗaya ba

Kada ka ɗebi mutanen da iyawarsu ta zo ɗaya. Wannan aikin masu hankali ne, kuma masu hankali ba sa dawowa da labari. Nemo gwani ɗaya, ɗan dama-dama ɗaya, sai wanda rabonsa da keke tun ana yayin wando mai faɗin ƙafa.

Gwanin Fergus shi ne abokinsa Hemi, mutumin da in ya ga dutse ba ya tunanin kauce masa, sai dai ta inda zai tashi sama. 'Yar dama-dama ita ce budurwarsa Tahlia, malamar firamare, wadda ta san inda ƙarfinta ya tsaya kuma ba ta jin kunyar faɗa. Na ukun shi ne babanta, Des Halloran, tsohon direban motar katako, wanda bara aka sa wa gwiwar ƙarfe. Matarsa ta rasu, Tahlia ce kaɗai 'yarsa, don haka duk saurayin da ya zo yakan kalle shi kamar tayar da ake shirin sayar masa da faci a ciki. An aro masa keke mai batir, mai nauyin ɗan maraƙi.

Mataki na 2: Samu dalilin da ba za ka iya faɗa wa kowa ba

A dutsen nan hanyoyin gangarowa iri uku ne, kowane iri da launinsa. Koriya ta yara ce da tsofaffi, shuɗiya ta masu ɗan hannu, baƙa kuwa ta waɗanda danginsu suka riga suka sallama su. Duk mai son mutanensa koriya zai zaɓa. Kai ba ita za ka zaɓa ba, domin kana da dalili.

Dalilin Fergus yana aljihun wandonsa: zobe a cikin ɗan akwati. A tsakiyar baƙar hanyar da ake kira Shan Shayi akwai wani falalen dutse da in ka tsaya a kai har teku kake hangowa. Nan ya ƙudura zai durƙusa ya nemi auren Tahlia a gaban babanta, tsoho ya ga cewa mai famfo ma ya san abin burgewa. Sau ɗaya ya taɓa bin hanyar, kuma mafi yawanta tura keken ya yi. Amma ka lura da wannan hikima: ƙwaƙwalwa takan adana kyan wuri, ta zubar da wahalarsa. Yarda da ita. Ba ta taɓa karya ƙashin kanta ba.

Mataki na 3: Tambayi kowa iyawarsa, amma a gaban jama'a

In ka ja tsoho gefe ka tambaye shi, zai iya faɗa maka gaskiya, shiri ya lalace. Jira sai mota ta cika.

Suna cikin motar da ke haura da mahaya zuwa ƙololuwa, kekuna na karkarwa a tirela, samari cike da kujeru, Fergus ya ɗaga murya.

"Des, za ka iya kuwa? In gwiwar ba za ta ɗauka ba, akwai hanyar yara."

Kunnuwan Des suka yi ja.

"Kai mai famfo, ina gangarowa da katako daga dutsen nan a laka tun uwarka tana goge maka hanci."

"Baba, a mota ke nan," in ji Tahlia.

"Taya taya ce."

Shaz, matar da ke tuƙa motar, ta kalle su ta madubi. "Shan Shayi za ku bi da dattijon nan? To ku bar mini lambar wanda zan kira."

Samari suka fashe da dariya. Daga nan ko likita ne ya zo da takarda, Des ba zai bi koriya ba. Haka ake so.

Mataki na 4: Fassara allon hanya da kanka

A mararraba za ka tarar da allo baƙi ƙirin, da hoton mutum yana wuntsilawa ta kan kekensa. Tsaya a gabansa yadda jikinka zai rufe hoton. Sannan ka yi amfani da kalmomin masana: “ai kusan duk sulɓi ne”, “wuri ɗaya ne mai ɗan duwatsu”, “baƙin nan shuɗi ne da ya sha rana”.

Tahlia ba ta yarda ba. Ta ja Fergus gefe.

"Ni da Baba za mu bi koriya, mu haɗu a ƙasa. Ku je ku karya kanku kai da Hemi."

Fergus ya yi lissafi da sauri. In ta bi koriya, wa zai ba zoben, Hemi? Ya shafa aljihu ya ce, "Haba, ai tare aka zo. A hankali za mu bi, na rantse."

"Fergus, gwiwarsa."

Amma Des ya riga ya ɗaure hular kwanonsa, baibai ma, ya karkata kan keken zuwa baƙa. "Ku masu shawara ku same ni a gaba."

Tahlia ta yi wa Fergus wani kallo. Ya gane kallon sarai, ya yi kamar sarƙar kekensa yake dubawa.

Mataki na 5: Ba da shawara a guje

Sabon mahayi yana buƙatar a tsaya a nuna masa. Kada ka tsaya. Wurgo masa shawarar ta bayan kafaɗa kana wucewa: “Saki birki! Koma baya! Kada ka kalli dutsen!” In ya faɗi, ce masa iskar tayarsa ce ta yi yawa.

Tun a kwanar farko Hemi ya yi ihu ya ɓace cikin bishiyoyin turare, ba a sake ganinsa ba. Gwani ke nan: amfaninsa a tafiya shi ne ya nuna wa sauran abin da ba za su iya ba.

Des kuwa ya damƙe birki biyu kamar wuyan ɓarawo. Keken na tsalle a kan saiwoyi, shi yana tsalle a kan keken, ba su taɓa sauka lokaci ɗaya ba. Da aka iso duwatsu na gaske ya sauka ya fara turawa, sai dai a gangare keke mai batir ba a tura shi, shi ke jan mutum. Ya zame ya zauna a cikin ciyayi masu laima, ya tashi da matsattsaku biyu a ƙwauri suna shan jininsa hankali kwance. Ya daina zagi ma, abin da ya fi tayar wa Tahlia hankali. Ta koma bayansa tana riƙe masa sirdin keken.

Fergus ya ga fuskar tsohon ta yi fari, ya ga yadda yake jan ƙafar. Wani abu a cikinsa ya ce a juya. Idan kai ma ka ji irin wannan muryar, kada ka saurare ta. Yunwa ce.

Mataki na 6: Nuna misali

Dab da falalen dutsen akwai wata gangara mai kama da matakalar da mahaukaci ya gina. Nan kowa yake sauka ya tura. Kai kuwa ka ce, “Ku tsaya ku ga yadda ake yi.”

Fergus ya faɗa. Taya ta gaba ta sauka lafiya, ta sake sauka lafiya, sannan ta sami wani rami daidai girmanta ta yanke shawarar zama a ciki. Keken ya tsaya. Fergus bai tsaya ba. Ya bi ta saman kan keken hannuwa a buɗe, ya hango tekun da ya yi ta mafarki, a juye, sannan ya sauka da kafaɗa a kan falalen dutsen da ya zaɓa da kansa. Ƙarar ƙashin har Des ya ji ta.

Numfashinsa na dawowa, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Tahlia, kada ki biyo nan! Ki sauka ki tura!"

Mataki na 7: Kwanta, ka bar surukinka ya laluba aljihunka

Wayar Tahlia ba ta kama komai a wurin, ta Des kuwa tana mota. Ta naɗe wa Fergus hannu da rigar ruwanta, ta ce wa babanta kada ya bar shi ya motsa, ta gangara neman inda waya za ta shiga. Aka bar maza biyu a kan dutse, ɗaya a kwance, ɗaya yana ɓamɓare matsattsaku.

"Ina taka wayar? Ko ita za ta kama," in ji Des. Kafin Fergus ya hana, hannun tsohon ya shiga aljihu ya fito da ɗan akwatin. Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Don wannan ka hau da ni nan?"

"Wurin yana da kyau," in ji Fergus da ƙyar.

Des ya waiga ya dubi tekun. "Yana da kyau. Ɗakin girkina ma yana da taga." Ya lallaɓa ya zauna, ya miƙe gwiwar ƙarfen yana cije baki. "Ka san abin da nake ta tunani tun daga allon can? Cewa in na wuntsila na mutu, yarinyar nan ba ta da kowa sai kai. Shi ya sa na ƙi sakin birki."

Fergus ya so yin dariya, kafaɗa ta hana. Sai hawaye suka zo, ya bar su, tunda akwai karaya da za a ɗora wa laifi.

"Ka yi haƙuri, Des. Na ga kana ɗingishi, na ƙi juyawa."

"Na ga ka gani." Tsohon ya rufe akwatin. "Wawa ne kai, mai famfo, babu ko tantama. Amma ƙashinka na karye, ita ka fara tunawa. Wanda ya zo kafin kai, da motarsa zai fara tambaya." Ya zura akwatin a aljihun rigarsa ya maɓalle. "Wannan zai zauna wurina sai ka sami ƙasa shimfiɗaɗɗiya."

Sannan ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa masa, ya kuma gargaɗe shi cewa in ya faɗa wa wani, zai karya masa ɗaya kafaɗar.

Mataki na 8: Faɗi abin da ya kawo ka, ko a kan wa ya faɗa

Masu ceto za su iso da gadon ɗaukar majinyaci, su ba ka wani ɗan koren bututu ka zuƙa don kashe zafi. Zuƙa da kyau. Maganin yana kwance ciwo, yana kwance harshe.

Tahlia ta dawo da su, har da Hemi, wanda aka samu a ƙasa yana cin burodi mai nama a ciki yana mamakin abin da ya tsayar da mutane. Fergus ya zuƙi bututun nan har duniya ta yi masa laushi. Ana ɗaga shi ya kamo hannun da ya fi kusa, ya rungume a ƙirji, ido a rufe.

"Tun ranar da na zo gyara famfon makarantarku na san ke ce. Ki aure ni."

"Na gode, ɗan'uwa," in ji Hemi, "amma ina da mata."

Masu ceto suka kusa sakin gadon don dariya. Tahlia ba ta yi dariya ba. Ta dubi babanta, ta dubi jinin da ke ƙwaurinsa, ta dubi wanda ke kan gado.

"Saboda haka ka ɗora mini uba a kan baƙar hanya?"

Har asibiti ba ta sake yi masa magana ba. Ta kai shi gida, ta cika masa firji, ta tafi. Fergus ya yi makonni yana koyon goge haƙora da hannun hagu, yana duba waya, ya tabbata ya rasa ta.

Des ne ya kira shi, wai famfon ɗakin girkinsa na ɗiga. Ya je da hannu a rataye ya tarar famfo lafiya lau, Tahlia na zaune, akwatin yana kan tebur kusa da gwangwanin sukari. Tsohon ya ɗauki shayinsa ya ce zai je ya duba kaji, alhali ba shi da kaji. Fergus ya ba da haƙuri tukuna, dogon haƙuri, sannan ya tambaya. Ta bar shi a durƙushe har gwiwarsa ta fara ciwo, sannan ta ce ta yarda, bisa sharaɗin daga yau duk inda hanya ta rabu biyu ita ce mai zaɓa.

Sanarwa

Mai wannan nasiha ba shi da hannu a duk ƙashin da ya karye, soyayyar da ta tsage, ko keken aro da aka mayar da shi a buhu. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafafunsa. Musamman babu ruwana idan surukinka ya kamu da son abin. Des ya sayi nasa keken mai batir, ya gama da koriya, ya shiga shuɗiya, kuma kowace Asabar da sassafe yana ƙofar gidan 'yarsa yana danna ƙararrawa. Fergus kuwa, wanda yanzu ko matakalar kanti ya gani sai gabansa ya faɗi, yana kulle a banɗaki yana ƙwanƙwasa bututu da sifana, yana ihu wai aiki ya riƙe shi.