Makau da Iskar Rumbun Albasa

A duk faɗin Tudun Kanya ba a taɓa haifar mutum mai biyayya kamar Makau ba. Shi ya sa ba mai aikensa sau biyu.

Gidansa na bayan kasuwa: ɗaki biyu, akuya ɗaya, da matarsa Tabawa, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana koyon yadda ake yi masa magana. Ba ta ce masa ya ɗebo ruwa sai ta faɗi tulu nawa, don ranar da ta manta har randunan maƙwabta sai da suka cika. A shekarar da nake ba da labari sun samu albasa buhu goma sha biyu a fadama, ita ce cinsu, ita ce suturarsu.

A shekarar ne ƙungiyar manoma ta sa wani ɗan kwangila, Alhaji Sidi, ya gina mata rumbun albasa na zamani mai bango biyu, na ciki da na waje, da rata a tsakani. Akwai ramuka a ƙasa, akwai a sama. Rana za ta gasa bangon waje, iska ta shiga ta ƙasa, ta fita ta sama da zafin, albasa ta yi wata biyar ba ta ruɓe ba. Haka takarda ta ce. Mutanen gari suka saurara cikin ladabi, kowa ya bar albasarsa a gida. Aka ce kowa ya kawo tasa a gwada, Makau kaɗai ya kawo.

Wata rana Injiniya Balaraba ta zo daga birni don ta duba aikin kafin a karɓa. Ta fito da wata 'yar na'ura mai farfela da ke nuna lamba in iska ta juya ta, ta kara a ramin ƙasa. Farfelar ta yi shiru. Alhaji Sidi ya ce ai yau ko ganye ba ya motsi a garin. Baba Jatau, shugaban ƙungiya, ya ce shi dai abin da ba ya shiga mudu bai ga yadda za a auna shi ba. Injiniya ta ce to a auna safe, rana da yamma har mako guda. Aka nemi wanda zai riƙe na'urar, kowa ya tuna yana da ban-ruwa. Ta miƙa wa Makau, wanda ya gama firamare kuma ya iya rubuta lamba da kyau.

"Ka kula da ita, kada ƙura ta shiga," in ji ta.

"An gama, ranki ya daɗe."

Ya naɗe ta a leda, ya ɗaure bakin, ya sake naɗewa da tsohon zanen Tabawa. Haka yake kara ta a rami sau uku kullum, ya kwance ta a ɗaki ya rubuta abin da ya gani. Injiniya ta dawo ta tarar da sifili ashirin da ɗaya, kowanne a zagaye tsaf. Ta kalli Alhaji Sidi, shi kuma ya ɗaga ƙunshin zanen yana murmushi: "Hajiya, dubi ma'aikacinki." Ƙura dai ba ta shiga ba.

Wata rana Injiniya ta kwance ƙunshin da hannunta, ta ce, "Makau, farfelar nan dole ta juya. In ba ta juya ba, ba mu yi komai ba." Makau ya kara na'urar a rami, ta ƙi. Ya lallaɓa ta, ta ƙi. Sai ya aro mafici wajen mai tsire, ya durƙusa yana fifita da duk ƙarfinsa. Da Injiniya ta ga lambobin sai ta ce in da gaske ne, ya kamata a je Maraɗi a ɗauko rufin, don can iskar ta kai shi. Alhaji Sidi kuwa ya ce a karon nan ya yarda da yaron, a sa hannu kawai. Wannan saurin yarda ya sa Baba Jatau ya fara kallonsa ta wutsiyar ido.

Wata rana Baba Jatau ya ga ɓera ya leƙa ɗaya daga ramukan. Ya ce, "Kai Makau, kada ka bar komai ya shiga nan." Kafin azahar Makau ya kwaɓa laka ya liƙe ramuka talatin da shida, ya shafe su sumul. Bayan kwana uku Tabawa ta shiga rumbun, ta danna albasa ɗaya, yatsanta ya ɗan nutse.

"Malam, albasarmu gumi take yi."

"Ba abin da ya shiga, Tabawa."

"Shi ne nake gaya maka. In buhunan nan suka ruɓe, lakar za mu ci."

Aka fasa lakar. Abin da ya dami Tabawa shi ne, ko da aka fasa, zafin ɗakin bai sauya ba. Ta faɗa a gaban mutane. Alhaji Sidi ya ce duk ginin da Makau ya taɓa sai ya yi mako kafin ya dawo hayyacinsa, aka yi dariya, aka sa ranar Alhamis a karɓi rumbu, gari duka ya zuba albasarsa.

Wata rana, wato Alhamis ɗin, Injiniya ta kira Makau a waya da safe tana hanya. Ta daina amincewa da na'urar, da ɗan kwangilar, da kanta ma. Ta ce, "Ka sa ɗan hayaki a ramin ƙasa, ka duba sama. Kada ka tashi sai ka ga ya fita ta can." Makau ya ɗauko kaskon turaren Tabawa ya zauna. Hayaki ya shiga, ya dawo masa a fuska. Ya ƙara turare. Da turare ya ƙare ya sa aka miƙo masa ɗanyen ganyen darbejiya, sannan ciyawar akuya. Kafin rana ta take tsaka hayaki ya lulluɓe rumbun ta ko'ina, ban da sama.

Aka yi ihun gobara. Masu bokiti suka zo, Tabawa na gaba tana kiran sunan albasarta. Baba Jatau ya ce wutar na cikin bango, a fasa. Alhaji Sidi, wanda ya zo da biro a aljihu, ya tare gaba ya ce kada a taɓa masa gini, wutar za ta mutu da kanta. Ba a taɓa jin wanda ya roƙa wa gobara haƙuri ba, don haka Baba Jatau ya karɓi diga da kansa.

Ba wuta a ciki. Akwai buhunan siminti da aka juye, fasassun bulo, ragowar katako, da takalmin roba ƙafa ɗaya, an danna su tun daga ƙasa har kusan kafaɗar mutum. Injiniya ta iso ana cikin kwasa. Ta tsaya ta kalli tsibin, ta ce ta ga alamar iska za ta ɗan sha wahala a nan. Aka waiga neman Alhaji Sidi ya yi bayani, aka ce ya je alwala. Motarsa ma ta je.

A albasar Tabawa buhu ɗaya da rabi ya tafi. Sauran sun tsira, sai dai duk wanda ya yi miya da su a shekarar ya ji ƙanshin amarya.

Ana wannan hidima Makau na zaune inda yake, jiƙe sharkaf, ya kife faifai a kan kaskon don kada ruwa ya kashe shi. Tabawa ta ce, "Malam, tashi mana, an gama." Bai ko dube ta ba, idonsa na sama.

Hayakin ya fita ta ramin sama da ƙarfe huɗu da kwata. Sai Makau ya tashi.