Ranar da Surukina Ya Ba Ni Sadaka

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a bakin kasuwar Dole ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Damagaram ba za su bar ni ba. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku ga yadda mutum mai cikakken hankali (haka dai nake ɗaukar kaina a lokacin) ya kai kansa inda na kai kaina.

Sana'ata zane ce, zane mai motsi, wanda yara ke ce wa desan anime. Sai dai nawa ba na yara ba ne. Ni da abokaina muna yi wa wata tele, gidan talabijin mai zaman kansa, shirin barkwanci mai suna Gindin Bedi: wasu ƙarti ne 'yan fada, ba aikin fari ba na baƙi, kullum suna zaune suna dafa shayi suna yanka mutanen gari. Ba wanda muka ƙyale. Ɗan siyasa, ango mai ƙaryar arziki, famfon unguwa da ya manta kamannin ruwa, duk sun sha. Ni nake rubutawa, ni nake zanawa, ni kuma nake yin muryar Ɗan Tsito, wani siririn matsegunci mai magana ta hanci.

Wata rana diraktan tele ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce yana son fitowa guda a kan naƙasassu, amma in yi hattara, don masu ba mu talla sun fara ƙorafi a kan kaifin bakinmu, kuma idan aka kawo ƙara ko ɗaya, shirin ya mutu. Na bugi ƙirji na ce, “Mushe (wato Yallaɓai), kwantar da hankalinka. Wannan fannina ne, da shi na tashi a gida.”

Ban yi ƙarya ba. Babbar yayata, Yaya Cima, shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Malamar lissafi ce a lise, wato babbar sakandare. Ɗalibai masu gemu suna jin ƙarar motonta, babur mai ƙafa uku, sai ka ga kowa yana gyara zama. Ita ta koya mini karatu, ita kuma ta fi kowa dukana a gidanmu (tana zaune a tabarma, amma hannunta ya fi ƙafata sauri, har yau ban gane yadda take yi ba).

To, tsoron dirakta ya shige ni, sai na zauna na ƙirƙiro wata mata na sa mata suna Baiwar Allah. Fuska abin tausayi, ido kullum da ƙwalla, ba ta buɗe baki sai don godiya. 'Yan fadar nan da ba su taɓa raga wa kowa ba, suna ganinta suka yi tsit, suka haɗa mata taimako, Ɗan Tsito har da kuka. Na sa kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi. Wallahi ina haɗawa ina share hawaye, ina ce wa kaina, kai, ka iya!

Na ɗauki odinatar, wato kwamfutata, na nufi gidanmu a Birni don Yaya ta fara gani ta sa albarka. Ta kalla daga farko har ƙarshe, tana ɓare gyaɗa, ko murmushi ba ta yi ba. Da ya ƙare ta ce, “Auta, ita wannan, bayan kuka tana da wata sana'a?”

Na fara bayani a kan tausayi da jin ƙai. Ta katse ni.

“Kowa a garin nan ka tsokane shi. Mu ne ba mu kai a tsokane mu ba? Ko an ce maka gurguwa ba ta da baki? Ka tashi gida ɗaya da ni, yaushe ka taɓa ganin na zauna ina yi wa ƙafata kuka?”

Nan fa girman kai ya motsa. Na ce ai na san duk wahalar da suke sha, ba abin da za a gaya mini. Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafinsa a gida. Sai ta nuna mini tsohon kekenta na hannu, mai ƙafa uku, wanda ta daina hawa tun da ta sayi moto, yana jingine a zaure.

“Gobe Alhamis. Hau wannan ka je Dole ka sayo mini tattasai. Sharaɗi ɗaya: kada ka sauka har ka dawo. In ka iya, ka sa fim ɗinka yadda yake, ni zan fara tafa maka.”

Na ce, “Wannan ne kawai?” (Ku lura da wannan kalmar, kawai. Ita ta kashe ni.)

Washegari da hantsi na ɗora malafa saboda rana, na hau. Kafin in fita daga lungunan Birni kafaɗuna sun fara wuta. Ashe garin da na yi shekaru ina yawo a cikinsa duk rairayi ne da duwatsu da kwata, ban taɓa lura ba. Na hau gudurun, titin kwalta, 'yan kabu-kabu suna danna mini oda kamar ni na hana su arziki. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai ba wannan ba ne. Na wuce mutane da dama da suka san ni, har da wani abokina da muka sha shayi tare shekaranjiya. Ya dubi keken, ya kauce mini hanya cikin ladabi, ya wuce. Bai gane ni ba, don bai ɗaga ido ya kai fuskata ba. Da farko abin ya ba ni dariya. Da aka jima sai na ji ya daina ba ni dariya.

Na isa bakin kasuwa jiƙe da gumi. Kun san Dole ranar Alhamis: mutanen Droum da na Gidimuni da na Garagumsa duk sun shigo, amalanke da awaki da buhunan gero, ba wurin sa ƙafa, balle taya uku. Nan tayar gaba ta nutse cikin rairayi. Na murza, na murza, keke ya ce ba inda za shi. Na sunkuyar da kai ina haki.

Sai na ji wani abu ya faɗo mini a cinya. Kuɗi ne, ƙwandala. Murya kuma ta ce daga sama, “A yi mana addu'a, bawan Allah.”

Na san muryar nan. Na san takalmin nan. Na ɗaga kai a hankali, sai ga Alhaji Mutari, dillalin fatu, mahaifin Nana, yarinyar da aka riga aka sa mana rana da ita. Mutumin da sai da kawunnaina suka yi ta zarya kafin ya yarda ya ba da 'yarsa ga “mai zanen aljanu”, kamar yadda yake kirana a bayan idona. Ya jefa sadakarsa, idonsa na wani wuri, har ya ɗaga ƙafa zai wuce.

Da ina da wayo, da na ja malafa na rufe fuska na ce amin, shi ke nan, ba mai ji ba mai gani. Amma tarbiyya ta riga wayo isowa. Ɗan Damagaram ya ga surukinsa yana zaune a kan abin hawa? Ban san lokacin da na yi tsalle na diro ba. Na cire malafa, na zube ƙasa na durƙusa, ƙwandala a hannu, na ce, “Barka da rana, Baba.”

Kowa a wurin ya juyo yana kallo.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ta fara magana. Ta dafe ƙirji ta ce, “La'ilaha illallahu! Ya miƙe! Alhaji ya ba shi sadaka ya miƙe!” Wani mai amalanke ya ce, “Wane ya miƙe, Iya? Macuci ne, lafiyarsa ƙalau, bara yake da keken guragu!” Kafin in buɗe baki an kewaye ni. Wani saurayi ya leƙa keken ya ce, “Kai, ai wannan na Madam Cima ne, na san shi tun ina lise. Sato shi ya yi!”

Na dubi Alhaji. Alhaji ya dube ni, wannan karon sosai, tun daga kai har ƙafafun da suka tona mini asiri. Ya ce, “Kai ne?”

Na so in yi bayani, amma saboda tsoro maganar ta fito ta hanci, siririya. Wani daga baya ya yi ihu, “Wallahi muryar Ɗan Tsito ce! Na tele!” Rabin taron suka fashe da dariya, rabi kuma suna neman wanda zai kira polis. Ni kuwa abin da ya zo mini kawai shi ne in miƙa wa Alhaji ƙwandalarsa da hannu biyu. Ya ja da baya ya ce, “Abin da na bayar sadaka ba ya dawowa.” (Na roƙi ƙasa ta tsage a lokacin. Rairayin da ya iya haɗiye taya ya ƙi haɗiye ni.)

Sai ga ƙarar moto. Taro ya dare. Yaya Cima ce, ashe tun daga Birni take bina daga nesa, tana kallon komai. Ta kashe moto, ba ta ɗaga murya ba, ta dai yi irin maganar da take yi a aji.

“Kowa ya koma harkarsa. Kekena ne, ƙanena ne, ni na aiko shi. Yana da larura, amma ba a ƙafa take ba.”

Aka sake kwashewa da dariya. Saurayin da ya ce sata na yi ya cire hula yana “Madam, ina wuni,” ya sulale. Ita kuwa ta juya ga Alhaji, ta gaishe shi da girmamawa, sannan ta ce, “Alhaji, kada ka ji komai, hannunka mai alheri ne. Ni ma bara ka ba ni sadaka, a bakin lise, ina jiran a buɗe ƙofa. Na sayi goro da ita.”

Alhaji ya yi tsaye. Ya ce, “Ke ce Madam ɗin da Nana ke faɗi? Mai lissafi?”

“Ni ce. 'Yarka na da kai, sai dai surutu.”

Abin da ya faru bayan nan shi ne abin da nake ba da wannan labari saboda shi. Alhaji Mutari, da babbar rigarsa, a tsakiyar kasuwa, ya rage tsawo har fuskarsa ta yi daidai da tata. Ya ce, “Madam, ki yafe ni. Wallahi ban duba ba.”

Ta ce, “Shi ne dai, Alhaji. Ba a dubawa.”

Ba ta yi wa'azi ba. Ina durƙushe cikin rairayi, gumi da kunya sun rufe ni, amma na ji kaina ya yi girma kamar ni aka naɗa sarauta. Na so in tashi in gaya wa kowa cewa wannan fa ciki ɗaya muka fito. Sai ta waiwayo ta ce, “Kai kuma ka sauka, ka faɗi. Hau ka sayo tattasan, ka same ni gida.” Haka na hau, mai amalanken da ya kira ni macuci shi ya turo ni daga rairayin.

Na share Baiwar Allah gaba ɗaya. Muka zauna da Yaya muka sake rubutu. Sabuwar matar sunanta Madam Ba Wasa, kuma Yaya ce ta yi muryarta da kanta. Tana da rowa, ga son girma, ga iya zagi cikin ladabi, ta zo fada ta cinye su a dara ta shanye musu shayi. 'Yan fada suka tsokane ta kamar yadda suke tsokanar kowa, ta rama har da ƙari. Ɗan Tsito kuma ya ari kekenta ya tafi kasuwa, ya haɗu da surukinsa. Ban rage komai ba, har tsohuwar mai ƙuli na zana.

Dirakta ya kalla hannunsa a kai, ya ce mun kashe shi. Ya dai daure ya sa. An kawo ƙara, ba zan ɓoye ba: wani dattijo mai sanda ya zo har tele ya ce abin bai yi masa daɗi ba, don shi abin da ya sha a rayuwa ba na dariya ba ne. Na zauna na saurare shi, ban yi masa gardama ba, don yana da gaskiyarsa. Amma a makon nan ƙawayen Yaya suka cika gidanmu, kekuna har waje, suna maimaita maganganun Madam Ba Wasa suna shewa, kowacce tana cewa ai da ita aka yi. Shirin bai mutu ba. Madam Ba Wasa ma ta zama 'yar gida, yanzu in aka yi fitowa ba ita, sai an tare ni a hanya an tambaye ni ko lafiya.

An ɗaura aurena da Nana a ranar da aka sa. Sunana na gaskiya kuwa ya ɓace a garin nan. Daga Zango har Birni, Ya Miƙe ake kirana, kuma ina amsawa. Surukina ne kaɗai ba ya faɗi, saboda kunya, sai dai duk lokacin da na je gaishe shi na durƙusa, sai in ga kafaɗunsa suna rawa yana kallon bango.

Abin da na koya? Idan za ka zana mutum, fara ɗaga ido ka dubi fuskarsa, ka kuma bar shi ya yi magana da bakinsa. Sannan idan yayarka ta aike ka kasuwa da wani sharaɗi tana murmushi, ka fara bincika a wace rana surukinka yake cin kasuwa.